Yadda Shuɗin Mai Ya Koma Kore

A garin Guayama in ka ambaci Don Heriberto Lebrón, wasu burodi za su tuna, wasu kuma mota. Shekara talatin da ɗaya yana gasa burodi a shagon da ya gada wurin mahaifinsa, daura da dandalin coci. Motar kuwa fara ce 'yar Japan mai ƙofa biyu, ta girmi 'yar autarsa, tana da turbo mai fito kamar butar shayi in ta tafasa. Paloma ya raɗa mata. Ba ya zuwa kasuwa da ita, ba ya kai kowa unguwa da ita. Ranar Lahadi kaɗai take ganin rana, in an taso daga coci ya tuƙa ta zuwa filin tseren da ke bakin teku, inda ake jera motoci bibbiyu a kan miƙaƙƙen titi na kwatan mil, a ga wanda zai riga.

Abu ɗaya ke cin ransa. Shekara huɗu Paloma tana cinye titin nan a daƙiƙa goma sha biyu da 'yan kai, ta ƙi sauka ƙasa da haka ko da ƙiftawar ido. Shi kuwa Anselmo Cintrón, wanda kowa ke kira Chemo, tsohon ma'aikacin gidan waya, tuni 'yar motarsa ruwan ɗorawa ta shiga sha ɗaya. Tare suka yi firamare, kuma Chemo ne ya riƙe babbar 'yar Heriberto ranar baftismarta, saboda haka "compay" suke kiran juna. Wannan bai hana Chemo tsokana ba.

"Compay, gobe in za ka fito ka taho da littafi," in ji shi. "Ka riƙa karantawa a hanya, kada kaɗaici ya dame ka kafin ka isa ƙarshen titi."

Ranar da tsokanar ta ishe shi, Heriberto ya kai motar garejin Yaritza Colón, wadda duk masu tseren kudu ke kai wa motocinsu. Mace ce gajeriya mai tabarau, ba ta son dogon zance. Ta jona kwamfutarta a jikin motar, ta duba, ta girgiza kai.

"Don Heri, iyakarta ke nan da man gidan mai. In kana son ƙari, sai ka nemo man tsere, mai oktan ɗari da sha shida."

"Shi ne mai ƙarfin?"

"A'a. Ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan."

Ya cire hularsa ya sosa kai. "To me zan yi da shi?"

"Turbo iska yake ɗura wa inji. In na ƙara iskar, zafi zai ƙaru. Man gidan mai ba ya jiran fulogi ya kunna shi, da ya ji zafi sai ya fashe da kansa tun lokaci bai yi ba, ya doki fistin a ka. Man tsere kuwa yana da haƙuri, yana jira."

"Ni gudu nake nema, 'yata, ba haƙuri ba."

"Gudun ni zan sa mata. Man shi zai hana ta mutuwa."

Bai fahimta sosai ba, amma ya gyaɗa kai. Cikin makon ya tafi Ponce da motar rabon burodi, ya sayo duro guda wurin wani dillali mai suna Wiso Irizarry. Da aka buɗe murfin ya leƙa, man shuɗi ne shar, yana ƙamshi kamar alewa. Tsadarsa kuwa ta sa tun a hanya yake tunanin abin da zai gaya wa matarsa.

Yana mirgina duron zuwa ɗakin ajiya na bayan gida, sai ga matar tasa, Doña Zoraida, ta fito da tsumman goge hannu a kafaɗa.

"Tsoho, wannan kuma fa?"

"Fetur ne," ya ce, bai kalle ta ba. "Lokacin guguwa ya ƙarato. Na ce bari in yi mana tanadi."

Ta tsaya tana dubansa, har ya fara tsarguwa. Sai ta ce, "Ikon Allah. Yau kai ne da tunanin gida?" Ta dafa kafaɗarsa ta koma kicin. Shi kuma ya danna kwaɗo, ya yi ajiyar zuciya, kafin yamma ya manta ma ya yi maganar.

Da jarka biyu na farko Yaritza ta saita motar. Ta ɗaure ta a kan na'urar gwaji, tayoyin baya suna juyawa a wuri ɗaya, Paloma tana kururuwar da bai taɓa jin ta yi ba. Da aka gama Yaritza ta nuna shi da yatsa.

"Daga yau wannan man kaɗai za ta sha. Ka zuba mata na gidan mai ka taka totur, ka yi sallama da injin. Ka ji ni?"

"Na ji."

Bai samu zuwa fili a Lahadin ba. An yi wa ƙaninsa aikin ido a Orlando, ya hau jirgi ya je ya yi kwana biyar. Yana can Zoraida ta gaya masa a waya an yi ruwa da iska, wuta ta ɗauke a gari duka. Ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa, Doña Monse, wadda ke zaune tare da su, shekararta tamanin da huɗu, tana numfashi da taimakon na'urar iska. Zoraida ta ce lafiya lau, an tayar da janareto. Ɗauke wuta ba labari ba ne a wurinsu, sai suka shiga hirar idon ƙanin.

Ranar Juma'ar da ya dawo, ko jaka bai ajiye ba maƙwabciyarsu Doña Fela ta leƙo ta katanga da kwano cike da fiya.

"Don Heri, Allah ya saka maka da alheri. Ka rufa mana asiri."

"Ni?"

"Kai dai ba ka son a faɗa. Haka mutanen kirki suke."

Ya karɓi kwanon ya yi godiya. A ransa ya ce wataƙila Zoraida ta raba burodin da ya kwana lokacin da babu wuta. Da safe a shago, mai aski ya shigo ya rungume shi ya fice. Wata mata da bai ma san sunanta ba ta ce ta kunna masa kyandir a coci. Abin ya ɗaure masa kai, ya ce ashe haka burodin kwana ke da daraja. Amma hankalinsa na kan Lahadi, kuma ga mura da sanyin jirgi ya sa masa, sai ya bar zancen.

Lahadi da hantsi ya shiga ɗakin ajiya. Ƙwan fitilar ya ƙone tun dawowar wuta, ya laluba a duhu ya zura famfon hannu cikin duron, ya cika jajayen jarkokinsa, ya juye wa Paloma. Ya ɗan yi mamakin yadda duron ke cike kusan har wuya bayan jarka biyun da ya ɗiba, sai ya ce ashe duro yana da ciki.

Filin ya cika maƙil. Rana ta take, hayaƙin masu tsire ya haɗu da na tayoyi, kiɗa na tashi daga bayan motoci. Heriberto da kansa ya je ya roƙi mai jera motoci ya haɗa shi da Chemo.

"Ka taho da littafin?" Chemo ya tambaya ta taga, yana ɗaure hular kwano.

"Na taho maka da shi. Yau kai za ka karanta."

Suka ɗumama tayoyi har hayaƙi ya turnuƙe, suka matsa kan layi. Fitilu suka sauko ɗaya bayan ɗaya, koren ya kama. Paloma ta zabura ta manna shi da kujera, har numfashinsa ya tsaya. Giya ta biyu, ya saci kallon gefe, babu Chemo. Tunda yake bai taɓa duba gefe ya ga babu Chemo ba. Ya saka ta uku yana ihu shi kaɗai cikin hula.

Sai ya ji wata ƙara, siririya, kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Kafin ya gama tambayar kansa mene ne wannan, wani abu ya buga a gaba, motar ta yi tari, farin hayaƙi ya cika madubi. Ruwan ɗorawar ta wuce shi fuu. Paloma ta gangara a hankali ta tsaya a gefen titi, saura 'yan taku ta kai layin ƙarshe.

Ya daɗe zaune riƙe da sitiyari. Ya murza makulli, shiru. Ya sake murzawa. Chemo ya dawo da gudu a ƙafa, duk da gwiwarsa mai ciwo, ya buɗe ƙofar.

"Compay! Lafiya kake? Fito, fito, kada ta kama wuta!"

"Ai na wuce ka," in ji Heriberto. "Ka gani ko? Na wuce ka."

"Na gani. Fito tukuna."

Janwe ce ta kai Paloma garejin Yaritza. Washegari da rana ya je ya tarar ta buɗe injin. Ta miƙo masa fistin guda, samansa ya narke ya huje, har yana iya zura ɗan yatsa.

"Me ka zuba mata?"

"Abin da kika ce."

"Don Heri."

"Na rantse da kabarin ubana! Daga duron na ɗiba, da hannuna."

Ba ta yi musu ba. Ta ɗauko kwalba, ta zuƙo mai daga tankin motar, ta ɗaga a hasken ƙofa. Man kore ne, kore mai hasken ruwan rake.

"Wane launi ka sayo?"

"Shuɗi."

"Wannan fa?"

Ya karɓi kwalbar ya juya ta, ya girgiza, ya sake ɗagawa, ko zai koma shuɗi. "To ko zafin rana ne ya sauya shi? Ko in ya kwana biyu haka yake yi?"

"Mai ba mangwaro ba ne da zai nuna. An zuba masa na gidan mai, mai ruwan ɗorawa, kuma ba kaɗan ba. Wanda na saita da shi lafiyayye ne, na gani da idona. Tsakanin ranar da jiya wani abu ya sami duronka."

Daga nan Ponce ya nufa, da kwalbar a kujerar gefe. A hanya ya shirya maganganun da zai gaya wa Wiso Irizarry, har da batun lauya. Ya yanke cewa mutumin ya cika ƙasan duron da man banza ne, ya zuba mai kyau a sama. Da ya faɗi haka a shagon, Wiso ya yi dariya har yana riƙe ciki.

"Maigida, kai fa mai burodi ne. In ka zuba madara a kofi, madarar a sama take zama tana jiranka?"

Ya fasa murfin sabon duro a gabansa, ya zura dogon tiyo har ƙasa ya zuƙo. Shuɗi shar. Ya fasa na biyu, haka.

"Da liƙinsa na ba ka, kai ka ɓalle shi a nan ina kallo. Ni dai tambaya ɗaya zan yi maka. Wa ke da makullin inda ka ajiye?"

"Ni kaɗai."

"To kai ka zuba ke nan."

Sai da ya hau babban titi ya tuna. Chemo yana da makulli. Shekara biyu ke nan yana ajiye tayoyin tserensa a ɗakin, don matarsa Lydia ta ce ba ta son warin roba a gida. Heriberto ya kori tunanin, ya dawo. Ya sake korarsa, ya sake dawowa. Mutumin da ya rugo da gurguwar gwiwa don ya fitar da shi daga mota? To amma me ya sa ya ce kada ta kama wuta, kamar ya san abin da ke ciki? Ai kowa haka zai ce. To amma wa ya san ya tafi Orlando kwana biyar? Gari duka ya sani. To wa zai ji haushi in Paloma ta shiga sha ɗaya? Sai Chemo. Har ya wuce mararrabar Guayama bai lura ba, sai da ya juyo.

Da la'asar ya sami Chemo inda ya san zai same shi, a ƙarƙashin bishiyar dandali, suna buga domino da wasu dattawa uku. Bai gaishe da kowa ba. Ya dangwarar da kwalbar a tsakiyar tebur, 'ya'yan domino suka tarwatse.

"Ka san wannan?"

Chemo ya ɗaga kwalbar ya duba. "Maganin tari ne? Ai kuwa kana bukata, ji muryarka."

"Man duro na ne. An gauraya shi. Mu biyu ke da makulli, kuma ni ba na gari."

Chemo ya ci gaba da murmushi na ɗan lokaci, yana jiran ƙarshen wasan. Da ya ga babu wasa, murmushin ya gushe.

"Faɗi abin da kake nufi, compay. Fito da shi fili, ga shaidu."

"Ban ce komai ba. Tambaya na yi."

"A'a, ka ce. Ni na zuba maka ruwan banza don kada ka wuce ni. Ni da na riƙe 'yarka a gaban bagadi." Ya ciro tarin makullansa, ya daɗe yana fama da zoben, ya zare ɗaya ya ajiye kusa da kwalbar. "Tayoyin ka ba wanda ka ga dama."

Ya tashi ya tafi yana ɗingishi. Heriberto ya tsaya da kwalba a hannu ɗaya, makulli a ɗaya. Ya zaci in ya faɗa zai ji sanyi, sai ya ji kamar shi aka kama da laifi. Yana juyawa zai tafi, wani tsoho da ke zaune a benci ya kama hannun rigarsa.

"Don Heri, irinka ba su da yawa a garin nan. Allah ya bar mana kai."

"Don Allah me na yi?" ya tambaya, kamar zai yi kuka.

Tsohon ya yi dariya ya daki bayansa. "Ji shi! Wai me ya yi."

Kwana biyu yana yawo kamar wanda aka buga wa guduma a ka. Ya manta gishiri a kwaɓin safe. Ya ƙona tire guda na burodi, abin da bai yi ba tun yana saurayi. Ya shiga ɗakin ajiya da tocila ya duba duron ko ya huje, ya duba rufi ko ruwa ya zuba, ya duba kwaɗon bai ga alamar an taɓa shi ba. A gida kuwa ya ɓoye gaskiyar. Abin da ya gaya wa Zoraida shi ne motar ta sami 'yar matsala, don in ya buɗe zancen man, zancen tsadarsa zai biyo baya.

Ranar Laraba suna cin abincin rana, shinkafa da wake da soyayyiyar agada, Zoraida ta ce, "Na haɗu da Lydia a kantin magani. Na gaishe ta ta kau da kai. Me ya haɗa ka da Chemo?"

"Maganar maza ce."

"Maganar maza." Ta zuba masa ruwa. "Shekara hamsin kuna tare."

Doña Monse, wadda ke tauna a hankali da siririn tiyon iska a hancinta, ta ajiye cokali.

"Ɗan nan, tunda na tuna. In za ka sake sayen man janareto, ka sayo irin na farkon nan mai ƙamshin alewa. Wanda ake sayarwa a gidan mai hawa min kai yake."

Heriberto ya tsaya da cokali a bakin leɓe. "Wane mai, Mami?"

"Shuɗin nan. Kwana uku muna shaƙa, kamar ana biki."

Ya juya ya kalli matarsa. Ita ko a jikinta, tana ɓare fiya.

"Zory. Wane mai kika zuba a janareto?"

"Na tanadin mana. Wanne kuma?"

"Wane tanadi?"

"Na duron da ka kawo. Tsoho, lafiyarka kuwa? Gidajen mai duk a rufe, babu wutar da za su tayar da famfo, wanda ya buɗe kuma layi har bakin gada. Ga na'urar Mami, ga allurarta a firij. Na ce Allah ya yi wa mijina albarka, sau ɗaya a rayuwa ya hango abu kafin ya zo."

"Da wane makulli?"

"Na jikin ƙusa a bayan ƙofar kicin. Tun da aka gina ɗakin yake wurin."

"Nawa kika ɗiba?"

"Mu dai ba mu sha da yawa ba. Sai Fela, ka san mijinta na kan gado. Sai mai aski. Sai mutanen layin baya, da suka ji namu na aiki. Zan hana su ne? Duk wanda ya zo na ce ya gode maka, kai ka yi tanadin." Ta tura masa yankan fiya. "Kada ka damu, ban bar maka shi wayam ba. Da wuta ta dawo na yi sawu shida gidan mai da jarka, na cika maka shi taf. Har bayana ya riƙe. Na so in gaya maka, sai na ga ka dawo da mura kana ta faɗa da kowa."

Heriberto ya miƙe tsaye. Ya zauna. Ya sake miƙewa ya je bakin taga ya dawo. Fushi ya taso masa, ya duba inda zai sauke shi ya rasa. Ya kalli Zoraida, ita abin da ya gaya mata ta yi. Ya kalli mahaifiyarsa, na'urar tana ta huci a gefen kujerarta. Ya tuna fistin mai huji, ya tuna Chemo yana fama da zoben makulli.

"Ba fetur ba ne," ya ce a hankali.

"To mene ne? Ai ya ci wuta."

"Fetur ne, amma ba irin wannan ba. Na Paloma ne. Na tsere. Shi ba ya... yana da haƙuri."

"Haƙuri," in ji Zoraida.

Dole ya faro daga farko. Ya faɗi na Yaritza, ya faɗi na Ponce, ya faɗi tsadar man da muryar da ba ta fita sosai, ya faɗi abin da ya yi a dandali. Zoraida ta ajiye wuƙa ta naɗe hannu tana saurare har ya gama.

"Bari in gane," ta ce. "Ka yi min ƙarya. Na yarda da kai. Gari duka na yi maka addu'a a kan abin da ba ka yi niyya ba. Ni na fasa maka inji da jarka shida da ciwon baya. Kai kuma ka je ka zagi Chemo a gaban mutane."

"Kusan haka ne."

"To wa ya kamata ya ba wani haƙuri a nan? Don ni na rikice."

"Ni ma."

Doña Monse ta ɗauki cokalinta. "Ni dai numfashi na yi," ta ce. "Ku ƙarasa abincinku."

Zoraida ba ta bar shi ya ƙarasa ba. Ta ɗauke farantin daga gabansa, ta ce a gaban mutane ya yi zagin, a gabansu zai je ya janye.

Chemo bai zo dandali ba ranar. Heriberto ya roƙi dattawan nan uku suka bi shi har gida. Suka tarar da shi a baranda ya ɗora ƙafa a kujera, ya ɗaure gwiwa da ƙanƙara. Bai ce su zauna ba. Heriberto ya cire hula ya tsaya a rana ya ba da labarin duka, bai rage komai ba, har ƙaryar guguwar. Kafin ya kai ƙarshe ɗaya daga cikin dattawan ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Chemo bai yi dariya ba. "Da Zoraida ba ta faɗa ba fa? Har in mutu ina ɓarawon mai a wurinka?"

"Ban sani ba, compay. Kaina ne ya kulle. Na yi maka laifi, ka yafe min."

Chemo ya juya wajen ƙofar gida. Ya ɗaga murya. "Lydia! Zo nan."

Ta fito tana harararsu.

"Man da kika kawo ranar da babu wuta, kika ce wata baiwar Allah ta ba ki. Wace ce?"

"Zoraida mana. Ta ce kada in gaya maka, don kai ba ka son a taimake ka."

Chemo ya dafe goshi. "Kwana biyu ina zaune a nan," ya ce, "janareto na aiki, ina jin ƙamshin filin tsere. Na zagaya gidan nan sau uku ina shinshina. Na ce wa kaina Chemo, tsufa ya zo, ka fara jin warin abin da babu. Har na yi niyyar zuwa ganin likita."

Nan dattawan suka fashe, Lydia ma ta kasa riƙewa. Chemo ya ja kujera da ƙafarsa mai lafiya ya tura wa Heriberto.

"Zauna, rana za ta kashe ka. Ban ce na huce ba. Ka ba ni mako biyu."

Bai cika mako biyun ba. Ranar Asabar ta biyu Heriberto ya je garejin Yaritza ya tarar da shi a can, ya sa tsohuwar riga, suna gardama da ita a kan irin fistin da ya kamata a saka. Gyaran ya ci wata biyar, don sai da aka yi odar kaya daga waje. Abin da ya rage a duron Yaritza ta ce ko kusa da motar kada a kawo shi, sai Zoraida ta sa aka mayar da shi kusa da janareto. Sabon duron da aka sayo daga baya a garejin aka ajiye shi, Yaritza ta rubuta sunan motar a jiki da jan fenti.

A unguwa kuwa labarin bai taɓa daidaituwa ba. Wasu sun ji gaskiyar sun yi dariya, wasu sun ce ƙanƙan da kai ne irin na Don Heri. Da bikin cocin garin ya zo a watan Yuni, kwamitin unguwa suka kira shi gaban jama'a suka miƙa masa allon yabo saboda taimakon da ya yi lokacin duhu. Ya karɓi makirufo ya fara bayanin cewa ba haka abin yake ba, tafi ya rufe muryarsa. Ya waiwaya wurin Zoraida yana neman agaji, ta yi masa alama da hannu ya yi shiru ya sauko.